Yadda Aka Sa Mini Suna Daka-Iri

Da bazarar da ta wuce wata tifa ta zo ta juye yashi a ƙofar gidanmu na Sabon Gari, nan Gusau. Babban ɗana, wanda nake zaune a gidansa, ya ce zai shafe tsakar gida da siminti tun daga zaure har bakin rijiya, don ruwan damina yana kwanciya, jikoki suna shiga ɗakuna da taɓo. Gaskiyarsa ce. To amma a jikin katangar gabas akwai wani ɗan fili, taki huɗu ne a tsaye, biyu a kwance, inda nake shuka dawa duk shekara tun da aka kawo ni birni. Ya ce, "Inna, dawar nan taki ko tuwon kwana biyu ba ta yi. In dawa kike so, gobe in aiko miki da buhu." Na ce ya riƙe buhunsa, ni ba don ci nake shuka ta ba. Ya yi dariya, ya ce to me ake yi da dawa in ba ci ba? Ban ga laifinsa ba. Ya baro ƙauye tun bai fi ƙarfin goyo sosai ba, riƙo aka ba da shi a birni, ya buɗe ido ya ga hatsi a cikin mudu, bai san kowace ƙwaya tana da garinsu ba.

Garin wannan dawa shi ne garinmu, Tungar Marke. Na ce gari ne don bakina ya saba, amma gida huɗu ne kacal, duk 'ya'yan mutum ɗaya, a kan wata jigawa tsakanin Magami da hanyar Tsafe. Yau in ka je ba abin da za ka tarar sai marken da gindin rumbuna. Kuma ba mu kaɗai ba ne. A wancan zamani ƙasar cike take da irin waɗannan 'yan tungaye, kowace ba ta fi tafiyar hantsi da 'yar'uwarta ba, kuma ni da kunne na san su kafin in san su da ido. In iska ta taso daga yamma za ka ji Gidan Maƙera, masaba tana sauka a kan uwar maƙera, tin, tin, tin, sai a huta, sai a koma. In ta juyo daga kudu sai ka ji zakarun Tsamiya Biyu, garin masaƙa. Amma abin da ya fi bambanta gari da gari shi ne daka. Kowace tunga da irin lugudenta. Matanmu biyu-biyu suke saukar da taɓarya, sannan su tafa. Matan maƙera kuwa da sauri suke yi kamar ana korarsu, halan sun kwaikwayi mazansu. Makaho ma in ya kasa kunne da la'asar ya san inda ya dosa. Yanzu fa? Injin niƙa na bayan gidanmu da na Bungudu da na Tsafe duk kuka ɗaya suke yi, ba ka sanin na wane gari ne, kuma ba ya hutawa a tafa masa.

Dawarmu muna kiranta mai-kunya, don in ta nuna sai ta sunkuyar da kai ƙasa, tsuntsu bai samun wurin zama a kanta. Ba ta da tsawo, ba ta jiran ruwa mai yawa, ita ce kaɗai ta san halin jigawarmu. Wadda ke riƙe da irinta kuwa ita ce kakarmu, uwar mahaifina, da muke kira Iya. Kafin a sa lauje a gona, Iya za ta shiga ita kaɗai da 'yar wuƙarta, tana bin kunya-kunya, tana taɓa zangarniya, tana auna ta a tafin hannu. Wadda ta yi mata sai ta yanke. Ta ɗaure su dami guda, ta rataye a ɗakinta saman inda take hura wuta, hayaƙi ya yi ta bugunsu har su yi baƙi, ƙwaro bai kusantarsu. Ranar da ruwan shuka ya sauka, ita ke sussuke su ta raba wa gida huɗun nan. Tana cewa, "Iri ɗiya ce. Ba a sai da ta, aurenta akan ba da. Kuma wanda anka ba bai godiya, don godiya rufe ƙofa take, shi kuwa iri hanyarshi ba ta rufuwa." Duk yarinyar da aka aurar daga Tungar Marke, a ƙasan kayanta akwai zangarniya uku na mai-kunya. Mu yara muna ganin abin kamar tsufa ne kawai.

Shekarar da abin ya faru ina 'yar budurwa, na iya daka, na iya tuwo, ban dai iya hankali ba. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke da wuri, kafin bazara ta yi nisa an share rumbunanmu tas. Dawar kasuwar Bungudu muke ci, doguwa 'yar fadama, ana auno ta kaɗan-kaɗan. A cikin ɗakin girki kuwa akwai 'yan damunan kala guda biyu a rataye, nawa da na yayata. Kala shi ne abin da 'yan mata ke tsinta a gona bayan girbi, nasu ne na kansu, yawanci ƙananan kai ne marasa ƙwari. Abin da ban sani ba shi ne, da asubar ranar nan an yaye jinkar ɗakin Iya za a sake baibaya, sai ta ɗauko damin iri ta rataye shi can lungun ɗakin girki, ta matsar da na yayata bayan tukwane. Ina rijiya aka yi wannan. Da na dawo mata duk sun shirya za su suna Gidan Maƙera, maza sun tafi yankan ciyawar baibaya, aka bar ni tsaron gida.

Rana ta take tsaka sai ga sallama. Tsofaffin mata ne su bakwai, sun fito daga wajen Bungudu za su ta'aziyya can gaban Tsafe, ƙafafunsu sun yi furu-furu. Ruwa suka roƙa. To a gidanmu akwai doka, kuma Iya ce ta kafa ta: baƙo bai wuce Tungar Marke da ruwa zalla a cikinsa. Na duba ƙwaryar awo, wayam. Na ɗago kai na dubi kalata, 'yan ƙananan kai kamar wutsiyar ɓera. Sai na hango wani dami a lungu, manya-manyan zangarniya, masu nauyi. Na ce a raina, lallai Yaya, ashe wayo take mini, ta san inda take tsintar nata! Bari in ci mata shi yau, in ta tambaya in ce baƙi ne. Baƙin hayaƙin da ke jikinsu ma bai sa na tsaya ba, don komai na ɗakin girki baƙi ne. Na sauke damin gaba ɗaya, na sussuke, na sheƙe, na yayyafa ruwa na surfe shi kaf, ina lugude ni kaɗai don baƙi su ji gidan da 'ya. Na dama musu kunu mai kauri, suka sha har suna lasar ludayi. Wata a cikinsu ta ce rabonta da dawa mai daɗin wannan tun tana amarya. Suka sa mini albarka suka wuce. Sauran surfaffen na shanya a tabarma, ina jiran a dawo a yaba mini.

Iya ce ta fara shigowa. Ta tsaya kan tabarmar nan, ta duƙa ta ɗebi ƙwayar, ta murza. Ta shiga ɗakin girki, ta fito. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ke ɗiyag ga, mi kinka daka?"

"Kalar Yaya ce, Iya. Baƙi munka yi."

"Kalar yayarki tana bayan tukwane."

Wallahi sai a lokacin na gane damin iri na daka. Dawar da aka surfa ba ta tsira, ko yaro ya san haka. Gida huɗu, rumbu babu komai, ga hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma-yamma. In aka shuka 'yar fadamar kasuwa a jigawarmu, kara za ta yi ta bar mu da kallo. Mahaifiyata ta zaro muciya ta yo kaina. Iya ta tare ta, ta ce, "Aje. Baƙin nan sun sha sun ƙoshi?" Na ce sun ƙoshi, ina kuka. Ta ce, "To dokata ta bi. Ni na tsufa ban gaya ma kowa na sauya wurin rataya ba. Amma satar kalar 'yar'uwa, wannan naki ne. Gobe ki ɗauki lefe, da ƙafarki za ki nemo abin da kinka daka, kuma duk gidan da munka shiga da bakinki za ki faɗi."

Da sassafe muka kama hanya, ita a gaba da sandarta, ni a baya da lefe, wato kwandon kaba, a ka. A nan na gane amfanin zangarniya ukun nan da ake sa wa amare. Mun fara da Gidan Maƙera, inda gwaggona take aure. Iya ba ta ce mun zo roƙon iri ba, ba a faɗin haka. Ta ce, "Mun zo gaida ɗiyarmu, ko tana nan lafiya?" Sannan ta zungure ni da sanda. Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ce na daka iri." Wani tsohon maƙeri da ke zuga wuta ya saki zugazugin ya yi ta dariya har da tari. Ya ce, "Kai jama'a, ku fito ku ga wadda tac ci damina tun ba ta faɗi ba! Daka-Iri, sannu da aiki!" Sunan da ya bi ni ke nan har na yi jikoki. Gwaggo ta shiga ɗaki ta fito da zangarniya goma sha biyu, rabin abin da ta ajiye wa kanta. Na buɗe baki zan ce mun gode, sandar Iya ta sauka a ƙaurina.

A Tsamiya Biyu ba mu samu ba. 'Yar gidanmu da ke aure can ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa, tana ta kewaye-kewaye da zance, ƙoshiyar masaƙa tana ta kai da komo a bayan danga. Daga baya ta fashe da kuka, ta ce yunwa ta sa sun cinye nasu tun watan jiya. Iya ba ta yi mata faɗa ba. Ta sa hannu a lefena ta ciro zangarniya uku cikin 'yan waɗanda muka samo, ta ajiye mata. Na ce a raina, tsohuwar nan lafiya kuwa? Mu da muka fito nema! Da muka fita ta ce da ni, ba tare da ta waiwayo ba, "Wanda ya riƙe iri a hannu ɗaya, ɓera ɗaya ya ishe shi."

Saura wuri guda, kuma tun safe na lura Iya tana kauce wa ambatonsa. Tudun Kanya ne, can kusa da 'Yandoto, inda ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya take, Inna Kulu. Sun shekara fiye da goma ba sa ga maciji, a kan turmin mahaifiyarsu, wanda Inna Kulu ta ɗauke ranar rabon gado ba ta yi shawara da kowa ba. Mun kwana a hanya gidan wasu dangi, washegari da hantsi muka doshi tudun. Tun ba mu ga rufin ɗaki ba muka ji daka. Lugudensu daban ne da na kowa: uku a jere, sai a yi shiru kamar an fasa, sannan ɗaya mai nauyi ya biyo. Iya ta tsaya cak, ta karkata kai. Ta ce, "Ji shi nan. Turmin uwarmu na. Ko cikin turmi ɗari ina gane muryarshi." Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce ƙura ce.

Inna Kulu tana zaune a gindin rumbu tana kaɗi. Ta dube mu sama da ƙasa.

"A'a! Yau wace rana? Halan turmi kunka zo ɗauka? Da kun zo da jaki."

"Riƙe turminki, ya tsufa kamar mai shi. Ɗiyarmu munka zo gaidawa."

"Uwar iri da kanta? Ke da ko tsuntsu bai cin ƙwaya ɗaya sai da izninki?"

Sanda ta zungure ni. Na ce, "Ni ce na daka iri." Inna Kulu ta sa na ba ta labarin tun daga farko, tana tambaya, "Kaf? Har da surfe? Sun ce da daɗi?" Ta yi dariya har mazari ya faɗi daga hannunta. Sannan ta ce, "Yaya, wagga ɗiya ke ta biyo. Kin manta ranar da kinka ba awaki gishirin Baba duka don kin ji tausayinsu?" Iya ta ce ƙarya ne, ba duka ba ne. Daga nan gardama ta koma dariya, dariya ta koma kuka, ni dai ina tsaye da lefe a ka. Inna Kulu ta shiga ɗaki ta jawo dami biyu, baƙi ƙirin da kunkunniya. Ta ce shekara ashirin tana ware mai-kunya a gona guda, ba ta bari ta haɗu da wata dawa. Ta ba mu ɗaya sukutum. Iya ta ɗaga shi, ta auna nauyinsa, ta ce, "Kin iya zaɓe, ba laifi." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma Inna Kulu ta san ya fi godiya.

Ruwan shuka ya same mu a hanya, muka rufe lefen da mayafanmu duka biyu, muka iso gida a jiƙe sharkaf. Irin bai kai na kullum ba, don haka Iya ta ce ƙwaya uku-uku za a jefa a rami maimakon a watsa da yawa, kuma ni za a ba ƙwaryar irin gonarmu. Na bi bayan sungumin mahaifina ina ƙirga uku, uku, uku, har bayana ya ƙage. Allah ya ba da damina, mai-kunya ta sunkuyar da kai, rumbuna suka cika. Da girbi ya zo Iya ta miƙo mini 'yar wuƙarta ta ce in biyo ta. Ta ce wanda ya taɓa kashe iri shi ya fi kowa sanin darajarsa.

Garuruwan nan ba rana ɗaya suka mutu ba. Maƙera suka fara tashi, da kasuwa ta cika da fartanyar kanti, suka koma bakin titi. Masaƙa suka naɗe zarensu da atamfa ta yi arha. Samari suka bi mota zuwa Gusau, wasu suka koma kabu-kabu. Waɗanda suka rage kuwa, tashin hankalin shekarun nan ya kwashe su, wanda ba sai na faɗa wa kowa a ƙasar nan ba, kowa ya san abin da ya raba shi da gonar ubansa. Wasu da tukunya a kan murhu suka fita. Ni an riga an kawo ni birni kafin nan, da zangarniyata uku a ƙasan akwati. Surukata da gas take girki, babu hayaƙi, don haka nake hura 'yar wutata a bayan ɗaki in turara irina, tana cewa ina ɓata mata fenti. Mutane suna ce mini in na tuna gida in yi haƙuri. Ni kuwa ban taɓa jin an gama da mu ba. Bango ne ya faɗi, kuma bango dama ƙasa ce.

Kwana kaɗan da juye yashin nan, ina zaune da la'asar ina tsinke zogale, sai na ji daka daga wani gidan haya da ke bayan layinmu. Daka a birni ba abin mamaki ba ne, ana dakan yaji. Amma wannan uku ne a jere, sai shiru, sannan ɗaya mai nauyi. Na ajiye faifai. Ni da ko biki sai an yi da gaske nake fita, na yafa mayafi na fita ba takalmi, ina bin sautin har ƙofar gidan. Na tarar da wata mata da ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ita da 'ya'yanta mata biyu a kan turmin aro.

Na ce, "Sannunku da aiki. Ku mutanen Tudun Kanya ne."

Ta saki taɓarya. "Inna, wa ya gaya miki?"

"Hannunki. Mi kike ga Inna Kulu?"

"Kakata ce, ta wajen uba."

"To ni jikar yayarta ce, daga Tungar Marke."

Ta ƙura mini ido, sai ta dafe ƙirji. "Ba dai ke ce Daka-Iri ba? Da ke ake yi mana faɗa muna yara! Ashe da gaske akwai ki?"

Na ce ga ni kuwa, da raina. Muka zauna a bakin turmin. Ta ce sun fito ba su ɗauki ko tsinke ba, turmin kakarsu ma can aka baro shi. Mijinta ya samu aron gona a hanyar Bungudu, jigawa ce, bara ya shuka irin kasuwa ya tashi da kara. Ban ce mata komai ba. Na koma gida na sauke damina, na bar wa kaina uku, na kai mata sauran a cikin zane. Da ta ga baƙin hayaƙin nan da yadda kan ya lanƙwasa, sai hawaye. Ta fara, "Inna, mun go…" Na ce, "Kul! Ba kakarki ba ce Inna Kulu?" Ta rufe baki da hannu tana dariya.

Da ɗana ya dawo na zaunar da shi na ba shi labarin nan kaf, wanda ban taɓa ba shi ba don kada ya raina ni. Ya ce, "Wato Inna, ke ma kin taɓa ɓarna?" Na ce wadda ta fi taka. Ranar da magina suka zo, shi da kansa ya ja layi da ƙafa a jikin katangar gabas, ya ce siminti ya tsaya nan. Taki huɗu na roƙa, na auna na ga biyar.

Bayan girbin bana sai ga matar nan da sallama, da wani abu a naɗe a mayafi. Ta ce mai-kunya ta karɓi gonar, har maƙwabtansu biyu, mutanen Gidan Maƙera na da, sun zo gaida ta an ba su. Ta kwance mayafin, zangarniya uku ne, zaɓaɓɓu, sun fi nawa nauyi. Ta ce, "Ɗiyarku munka kawo ta gaida gida." Na karɓa, na auna su a tafin hannu kamar yadda Iya take yi, zuciyata ta cika, bakina ya kubce mini. Na ce, "Kai, amma na go…"

Ta ɗaga yatsa. "Kul, Inna."